Baba Kwalba da Rijiyar Bayan Layi

Shekara ashirin da shida ya yi yana wanke kwalabe a ɗakin gwaji na wata kwalejin fasaha, shi ya sa duk unguwa ake ce masa Baba Kwalba. Sunan bai taɓa ɓata masa rai ba. In wani ya tsokane shi da shi, sai ya ce ai gara kwalba da buta, ko ba komai ita ana ganin abin da ke cikinta.

Aikin nasa ba mai wuyar faɗa ba ne. Ya riga kowa zuwa, ya buɗe tagogi, ya share ƙasa, ya jera kwalabe a kan dogon teburin nan mai farin tayil. Ɗalibai su shigo su yi ta zuba wannan cikin wancan, in sun gama su tashi su bar masa tarin wanki. Karatunsa bai wuce firamare ba, amma Allah ya ba shi ido da kunne. Ya san kwalbar da sabulu ya ishe ta, ya san wadda sai ta kwana a jiƙe cikin ruwan asid kafin a ɗauraye ta sau uku. Ɗalibin da ya raina shi a farkon shekara, kafin ƙarshenta shi ne zai riƙa bin sa yana cewa, "Baba, don Allah duba min, me ya sa nawa bai canza launi ba?"

A shekarunsa na ƙarshe a wurin aka kawo wata malama, Dakta ce a ilimin sinadarai, siririya mai saurin magana, ba ta ɗaukar wargi. Ita ce ta cika masa ɗakin da shara. Yau buhun ɓawon gyaɗa, gobe ɓuntun shinkafa, jibi totuwar masara. Shi ne mai wankewa, shi ne mai shanyawa, shi ne mai ƙonawa a tanda har su zama gawayi, sannan ya daka ya tankaɗe. Ran nan da ya gaji ya tsaya da taɓarya a hannu ya ce, "Ranki ya daɗe, wai gidan abinci za mu buɗe ne?"

Ta yi dariya, abin da ba ta saba yi ba, ta ja kujera ta yi masa bayani. Ta ce akwai ƙarafa irin su darma da ke narkewa cikin ruwa, ido ba ya ganinsu, harshe ba ya jinsu, ko an tafasa ruwan suna nan. In mutum ya daɗe yana sha sai su taru a jiki, kuma yara suka fi cutarwa. Ta ce shi wannan gawayin ɓawo cike yake da 'yan ƙananan ramuka, in ruwa ya ratsa ta cikinsa sai darmar ta maƙale, kamar yadda ƙarangiya ke kama ƙafar wando. Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da dakansa. A lokacin bai ɗauki maganar a matsayin abin da ya shafe shi ba. Karatun 'yan boko ne, su rubuta a takarda su samu ƙarin girma.

Da ya yi ritaya sai ya koma zaman gida. Gidan nasa ɗaki uku ne a gefen gari, a wani layi mai gida tara, babu famfo. Duk layin rijiya ɗaya suke ɗiba, tana can baya kusa da kwata. Yana zaune da matarsa, wadda kowa ke kira Inna, da 'yarsu mai ɗinki, wadda mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi wata biyu bai leƙo ba. Ita kuma tana da 'ya ɗaya, 'yar shekara huɗu, da suke ce wa Aku saboda surutu. Tun safe take bin kakanta da tambaya, me ya sa kaza ba ta da haƙori, wa ya aske masa tsakiyar kai, har sai ya ce ta bar shi ya sha iska.

A ƙarshen layin, daf da rijiyar, akwai rumfar ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ake kira Mai Batir. Baba Kwalba ne ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, shi ya aurar da shi, kuma shi da kansa ya yanka masa wannan kusurwar fili ya ce ya kafa sana'a. Sana'ar ita ce ya sayo tsofaffin batiran mota, ya fasa su da gatari, ya tsiyaye ruwan cikinsu a kwata, ya narka darmar a cikin wani baƙin kasko, ya zuba a mazubi ta daskare, ya sayar. Shekara goma sha ɗaya yana haka. Baba Kwalba kan je ya zauna a bencinsa da hantsi su yi hira, hayaƙi na tashi, yara na wasa da fasassun robobin batir.

Aku ce ta fara rashin lafiya. Surutun ya ragu, abinci sai an yi da gaske, kullum hannu a ciki tana cewa yana murɗa mata. Aka ba ta maganin zazzaɓi, aka ba ta na tsutsa, shiru. Wata safiya tana zaune kusa da keken ɗinkin uwarta sai kawai ta sulale ƙasa, jikinta ya hau karkarwa, idanu suka kafe. Baba Kwalba ya saɓe ta a kafaɗa, ko takalmi bai tsaya nema ba.

Kwana biyar suna asibiti kafin wani likita ya ce a sake ɗibar jini a aika wani wuri. Da sakamakon ya dawo, ya kira su ofis, ya dubi tsohon ya ce, "Baba, akwai inda ake narka ƙarfe ko fasa batir kusa da gidanku?"

'Yarsa ce ta amsa, ta ce akwai. Likita ya ce darma ce a jinin yarinyar, da yawa kuwa. Za su ba ta magani mai fitar da ita, amma in ta koma tana shan abin da take sha, tana wasa inda take wasa, aikin banza za a yi.

A bencin barandar asibitin ya zauna ya riƙe kai. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya sani. Shekara nawa yana ganin kwalbar ruwan darma a kan kanta da hoton ƙoƙon kai a jikinta, yana sa safar hannu kafin ya taɓa ta. Dakta ta zaunar da shi ta faɗa masa da bakinta. Amma ko sau ɗaya bai haɗa abin da ke cikin kwalbar da abin da ke gangarawa kwatar ƙanensa ba.

Washegari ya samo kwalba, ya wanke ta yadda ya saba, ya cika ta da ruwan rijiyar, ya hau mota zuwa kwaleji. Dakta ta tarbe shi da murna, da ta ga fuskarsa sai kawai ta karɓi kwalbar. Bayan kwana biyu ta kira shi. Ta ce darmar da ke cikin ruwan ta ninka abin da aka yarda da shi sau da yawa, kuma maganar gaskiya a rufe rijiyar.

"A rufe mu sha me, ranki ya daɗe? Gida tara ne. Motar ruwa sai ta ga dama take shigowa layinmu, kuma ba kowa ke da halin saye kullum ba."

"Zan rubuta wa hukumar ruwa."

"Rubuta. Amma kafin su karanta fa?" Ya ƙara da cewa, "Wannan ɓawon da na yi ta daka miki, ba don irin wannan ba ne?"

Ta ce don irinsa ne, amma ita a 'yar kwalba ta gwada, cokali ɗaya na gawayi da kofin ruwa, ba ta taɓa yi wa mutane ba. Ya ce to ga mutane sun samu. Daga ƙarshe ta yarda, bisa sharaɗin duk mako zai kawo mata ruwan ta gwada, kuma ba zai ce wa kowa ya sha ba sai ta ce. Ta ƙara da cewa ya sani ruwa rabin matsalar ne, ƙasar wurin ma ta sha darma, kuma muddin ana fasa batir a nan, abin ba zai ƙare ba.

Wannan ce maganar da ya fi jin nauyinta. Ya sami ƙanen nasa a rumfa yana hura wuta, ya zauna a benci ya faɗa masa komai a hankali. Mai Batir ya saurara har ƙarshe, sannan ya ajiye mafici.

"Yaya, shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, da hannuna nake taɓa ta. Ga ni garau."

"Miƙo hannun naka mu gani."

Bai miƙo ba. Sun san su biyun cewa hannun ya daɗe yana rawa, kuma ciwon kai ba ya barinsa, ga saurin fushi da ba a san shi da shi ba a da.

"Wato ni na sa wa jikarka ciwo ke nan. Faɗi kawai."

"Ni na ba ka filin. In laifi ne, da ni da kai ne."

"To ka zo ka karɓi filinka."

Daga ranar ya daina gaishe shi. In sun haɗu a layi sai ya kau da kai, kuma wutar kaskon ba ta mutu ba.

Baba Kwalba ya koma gida ya fara nasa. Ya samo babbar shuɗiyar robar ruwa, ya huda ta daga ƙasa ya sa kan famfo. Ya je inda ake ɓare gyaɗa ya roƙi ɓawo, suka ce ya kwashe duka in yana so, ya rage musu shara. Tanda kuwa babu, sai ya cusa ɓawon cikin tsohon gwangwanin fenti da ya ƙone ya kankare, ya rufe, ya yi masa 'yar ƙofa a murfi, ya ɗora a wuta. Tsakar gida ta turnuƙe. Inna ta fito tana tari, ta ce, "Malam, mutane in sun yi ritaya carbi suke riƙewa, kai kuma ka ƙwace min turmi." Duk da haka ita ce ta karɓi rariya ta tankaɗe masa, don ta ce shi bai iya ba.

Ya shimfiɗa tsakuwa a ƙasan robar, sai yashi, sai gawayin, sai wani yashin a sama. Maƙwabta suka taru kallo. Ya zuba guga biyu ya buɗe famfo, sai ga ruwa baƙi ƙirin kamar tawada. Aka kwashe da dariya, wani tela ya ce a kawo sukari, shayin Baba Kwalba ya nuna. Shi ma ya yi dariyar, don ya gane kuskurensa: bai wanke gawayin ba, abin da da a kwaleji ne ko a mafarki ba zai manta ba.

Ya juye ya sake. Wannan karon ruwan ya fito tas, amma Dakta ta ce rabin darmar kawai ya fita. Ruwan yana saurin wucewa, ba ya samun zama da gawayin. Ya ƙara dakan ya yi laushi, ya samo roba ta biyu ya ɗora ta farkon a kan bulo sama da ita, ya matse famfon har ruwan ya koma ɗiga. Sai da ya yi zuwa huɗu kwaleji kafin ran nan ta fito da takarda a hannu tana murmushi, ta ce, "Baba, wannan ni ma zan sha."

Tun daga nan ƙofar gidansa ta zama mashaya. Ruwan bai isa wanka da wanki ba, na sha da girki ne kawai, kowane gida bokiti biyu. Tun asuba yake jan guga yana cika robar sama. Matar Mai Batir, wadda ke da ciki wata biyar, takan zo da rana tsaka lokacin da mijinta ya tafi sayen batir, ta tsaya a bakin ƙofa tana sunkuyar da kai. Bai taɓa ce mata komai ba sai, "Kawo bokitin, 'yata." Aku ma an sallamo ta, tana zaune a tabarma tana kallon ɗigar ruwan, ba ta cika magana ba.

A mako na biyar injin gwajin kwaleji ya lalace. Aka ce sai an kawo wani ƙarfe daga nesa. Baba Kwalba ya duba ruwansa, ga shi garau kamar kullum, sai ya ci gaba da rabawa. Mako uku aka yi haka. Da injin ya tashi ya kai kwalba, Dakta ba ta jira ya zo ba, ita ta zo har gida, karo na farko. Ta ce darmar ta dawo, kusan kamar ba a tace ba. Gawayin ya ƙoshi, ramukan sun cika, har ya fara sakin wadda ya kama.

"Tun yaushe?"

"Ban sani ba. Wataƙila kwana goma, wataƙila fiye. Laifina ne, ya kamata in ce ka dakata."

"A'a. Kin ce kar in ba kowa sai kin ce. Ni na ga ruwa fari na yarda da idona."

Inna ta ce ya canza gawayin kawai ya yi shiru, wa zai sani. Ya ce shi ya sani. Ya sa hularsa ya bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, yana sallama yana faɗa musu cewa ruwan da suka sha kwanakin nan ba shi da kyau. Wasu suka ce ba komai, ai da ma shi suke sha. Wata mai goyo kuwa ta wanke shi tas a gaban 'ya'yanta, ta ce da ya bar su da rijiyarsu sun san matsayinsu, ta daina sayen ruwan leda wa jaririnta ne saboda ta yarda da shi. Ya tsaya ya saurare ta har ta gama, ya ce ta yi gaskiya. Da ya dawo gida bai iya cin abinci ba. Daga baya ya sha faɗa cewa ranar ta fi masa ranar asibiti ciwo.

Gidan ƙanensa ne na ƙarshe, kuma a nan asirin matar ya tonu, don a gaban mijin ya yi maganar. Da matar ta je awo ta gaya wa ma'aikaciyar jinya, aka ɗebi jininta, aka ce ita ma akwai, kuma abin yana iya taɓa ɗan cikin.

Bayan kwana uku Baba Kwalba yana tsakar gida yana fama da wata sabuwar matsala. Tsohon gawayin da ya kwashe ya cika buhu, ga shi cike da guba. Ya kama Inna za ta watsa wa kajinta a akurki don ya tsotse danshi, ya hana. Ba a zubarwa a bola, ba a ƙonawa, ba a binnewa kusa da ruwa. Dakta ta ce a cakuɗa shi da siminti a yi bulo, darmar ta ɗaure a ciki. Yana tsugune yana ta kwaɓa abin ya ƙi haɗuwa, sai ya ji sallama. Mai Batir ne da mazubin bulo a hannu.

"Ruwan ya yi yawa, Yaya. Matsa."

Ya matsa. Ƙanen ya tsuguna ya gyara kwaɓin, ya buga bulo shida, suka jera su a jikin katanga. Sai da ya wanke hannu sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Na kashe wutar." Baba Kwalba ya ce, "Madalla," ya miƙa masa tsumma. Iyakar abin da suka ce ke nan a kan maganar, har yau.

Barin sana'ar bai zo wa Mai Batir da sauƙi ba. Ya yi watanni yana buga-buga kafin ya samu ya riƙa tara batiran ba tare da ya fasa ba, yana kai wa wani kamfani a wajen gari da ke narka su a rufe. Abin da yake samu bai kai na da ba, kuma yakan faɗi haka a fili in ransa ya ɓaci. Mazan layin suka haɗu suka kankare ƙasar rumfar da ta gefen rijiya, aka zuba sabuwa. Matarsa ta haifi namiji, ƙarami amma lafiyayye. Shi kuwa rawar hannun ba ta bar shi ba.

Baba Kwalba ya koma canza gawayi duk bayan mako uku, ko ruwa ya yi kyau ko bai yi ba, yana jan layi da alli a bayan ƙofa. In injin kwaleji ya tsaya, shi ma ya rufe famfo, kowa ya yi ta kansa har a gyara. Mai goyon nan ta yi wata biyu ba ta zo ba, ran nan sai ga bokitinta a layi. Shekara biyu da rabi yana wannan aiki, kafaɗarsa ta dama ta lalace da jan guga, bulo ya taru har suka yi ɗan dakali da shi a inda ruwan sama ba ya taɓawa. Sannan hukumar ruwa ta ja bututu zuwa layin, bayan wasiƙa ta bakwai da Dakta ta rubuta. Aka zuba wa rijiyar kankare aka rufe.

Aku ta warke, amma ba duka ba. Maganarta ta dawo, sai dai a makaranta tana baya, abin da 'yan ajinsu suka kama a kwana biyu ita sai ta yi mako. Likita ya ce a yi haƙuri da ita, a yi ta maimaita mata. Kakan ne ya ɗauki wannan. Kullum bayan la'asar suna kan tabarma da littafi, shi da karatunsa na firamare, yana bin baƙaƙe da yatsa tana bi. Wani lokaci ita ke gyara masa.

Dakta ta rubuta abin da suka yi a wata mujallar masana, ta kawo masa kwafi ta nuna masa inda ta sa sunansa. Turanci ne mai wuya, bai gane komai ba sai hoton robobinsa biyu a kan bulo. Ya ce da ta faɗa masa za ta ɗauka, da ya kawar da tsintsiyar Inna daga gefe.

A bara wasu mata uku suka yi sallama a gidan. Daga wata unguwa suke a ɗaya gefen gari, kusa da inda ake jima fata, sun ce ruwan rijiyarsu ya fara yin wani launi, kuma an ce musu akwai tsohon da ke gyara ruwa da ɓawon gyaɗa. Ya sa aka shimfiɗa musu tabarma. Ya ce shi ba ya gyara ruwa, kuma gubar majema daban take da ta batir, bai sani ba ko ɓawon gyaɗa zai kama ta, wataƙila sai ɓuntu, wataƙila babu wanda zai yi. Abin da zai iya shi ne ya bi su ya ga rijiyar, ya ɗebo a kai a gwada, kafin nan kada su ba yara.

Inna ta leƙo daga ɗakin girki ta ce, "Da wace kafaɗar za ka ja musu gugan?"

Babbar cikin matan ta ce su za su ja, shi dai ya zo ya tsaya. Ya tambaye su wace mota ake hawa zuwa can, suka faɗa masa, ya ce su sa ran ganinsa ranar Talata da safe.